Gatarin Yaƙi: Daga Ƙotar Marke Zuwa Jirgin Gungawa (Kashi na 27)

Kamar kullum, wannan shi ne rubutaccen shirin, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Makon jiya mun sha takobi har mun ƙoshi. Yau kuma za mu sauko daga kan doki mu taka ƙasa, don makamin da za mu yi magana a kansa yana jingine a bayan ɗakin kusan kowane gida daga Yelwa har Wara, daga Ngaski har Shanga. Gatari nake nufi. Na san wani zai ce, Malam, gatarin faskare ne za a yi wa shiri guda? To a yi haƙuri a biyo ni. Akwai sarakunan da gatari ya kashe, akwai daulolin da dogaran fadarsu ba sa riƙe komai sai shi, kuma ƙasar Yauri kanta tana da bashin da ba ta taɓa biyan gatari ba. Za mu zo wurin.

Mu fara da sunaye, don Bahaushe bai haɗa su a suna ɗaya ba. Akwai gatari, wanda kowa ya sani. Akwai tsitaka. Akwai gizago, wanda bakinsa yake kwance a gicciye kamar na fartanya, shi ne na masassaƙa, ku riƙe sunansa don zai dawo. Sai barandami mai faffaɗan baki, wanda shi ba ruwansa da icen girki, mafarauta da 'yan tauri ne ke saɓa shi, kuma a yau in ka ji sunansa a labarai to 'yan sanda ne suke baje kolin abin da suka ƙwace hannun 'yan daba. A zamanin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, barandami da gatari suna cikin kayan yaƙin dakaru, tare da kulki da mashi da kwari da baka.

Tambayar farko ita ce, me ya sa mutum zai tafi yaƙi da gatari alhali ga takobi? Amsar tana wurin maƙeri. Takobi ƙarfe ne mai tsawo, siriri, wanda dole ya lanƙwasa ya dawo bai karye ba. Wannan yana son ƙarfe mai kyau da hannu gwani, saboda haka yana da tsada. Bature Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a shekara ta hanyar Sahara, yawancinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, a Kano ake yi musu ƙota da kube. Kun ga ke nan takobin da muke alfahari da shi, sau da yawa ruwansa baƙo ne. Gatari kuwa ɗan gida ne. Dunƙulen ƙarfe kaɗan daga tamar da aka narka a bayan gari ya isa, sauran duk ice ne. Kowane maƙerin ƙauye mai zugazugi da masaɓa da gawayin ƙirya zai ƙera maka shi kafin la'asar. Kuma hannun da zai riƙe shi ba ya bukatar malami, tun yana yaro yake sara.

Ina so ku lura da yadda ake haɗa gatarinmu, don nan ne muka bambanta da Turawa. In ka tsaya wurin maƙera a kasuwar Yauri za ka gani da idonka. Ruwan gatarin yana da tsini a baya. Sai a nemo ƙota mai ƙulu a kai, ta marke ko ta ƙirya, a gasa tsinin nan har ya yi jajawur, a soka shi cikin ƙulun, yana ƙona hanya yana shiga, hayaƙi na tashi. Wato ƙarfe ne ke shiga cikin ice. Kowane sara da ka yi, ƙara cusa shi kake yi. Gatarin Bature kuwa akasin haka ne: ƙarfen ne ke da rami, icen ya shiga ciki. Kowanne da ribarsa. Namu ba ya cin ƙarfe, kuma in ƙota ta tsage sai ka shiga daji ka saro wata. Sannan ko ruwan ya fita, abin da ya rage a hannunka kulki ne. Nasu ya fi jure dukan abu mai tauri, ƙota ba ta saurin dagargajewa. Ku riƙe wannan ma, don tsohuwar gardama ce, ta fi shekara 4,000.

Kafin ƙarfe, dutse ne. Manoma da yawa a ƙasar nan sun taɓa tono wani dutse mai sulɓi, baƙi ko kore-kore, mai baki kamar an wasa shi. Iyayenmu suna kiransa gatarin aradu, suna cewa shi ne ke faɗowa idan tsawa ta sauka ta tsaga itace. Masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa hannun mutum ne ya goge shi, mutanen da suka share daji suka yi noma tun kafin a san ƙira. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba mu kaɗai muka ɗora wa tsawa wannan dutse ba. Manoman Turai ma haka suka yi imani na ɗaruruwan shekaru, har suna ɓoye shi a rufin ɗaki wai maganin tsawa. Yarbawa kuwa suka ɗauke shi suka kai fada. Sango, wanda suke cewa Alafin na Oyo ne kafin ya zama abin bautarsu na tsawa, alamarsa gatari ce mai baki biyu, kuma a labarinsu na baka mahaifiyarsa Banufiya ce, 'yar sarkin Nupe. Tsohon birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, yana kudu da Borgu ne, ba wata uwa duniya ba daga inda muke.

A arewacin Turai, wajen Suwidin da Norwe, akwai mutanen da suka rayu tsakanin shekara ta 2800 da 2300 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda masana ba su sami sunan da za su ba su ba sai "mutanen gatarin yaƙi", saboda ana binne mazansu da gatarin dutse a gefen kai. Siffar gatarin kamar kwalekwale take, har wasu ke kiransu mutanen gatarin jirgi. Sai kuma gawar nan da ƙanƙara ta adana a kan duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wadda aka tsinta a 1991 aka sa mata suna Otzi. Mutumin ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, yana ɗauke da gatarin jan ƙarfe, abu mai daraja ƙwarai a zamaninsa. Da aka ɗauki hoton ƙashinsa sai aka ga kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Daga baya aka harbe shi, daga nesa, gatarin bai sami damar yin komai ba. Wannan ita ce matsalar gatari tun ranar farko, kuma za ku ga ta biyo mu har zuwa ƙarshen shirin nan.

Yanzu mu zo kan abin da ya haifar da ire-irensa. In kana son ka san dalilin siffar gatarin yaƙin wata al'umma, dubi abin da abokin gabarsu ke sanyawa a jiki. Misali mafi kyau shi ne Masar da Iraƙi ta dā. Masarawan farko suna yaƙi da mutanen da ba su da kwalkwali ba su da sulke, saboda haka gatarinsu faffaɗa ne, mai yanka, kuma ɗaure shi suke yi da tsirkiyar fata a jikin ƙota. Mutanen Sumer kuwa, a kudancin Iraƙi, tun kusan shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa sojojinsu na sa kwalkwalin ƙarfe. Faffaɗan baki zamewa yake yi a kan kwalkwali. Sai maƙeransu suka tsuke bakin ya zama kamar kurfi, duk nauyin dukan ya taru wuri guda ya huda, suka kuma yi wa ƙarfen rami don kada ya fita daga ƙota. Masarawa sun daɗe a kan nasu. Sai da baƙin da ake kira Hiksos suka shigo daga gabas suka mallaki arewacin ƙasar, sannan gatarin Masar ya tsuke baki shi ma, amma ɗaurin fatar nan ba su bar shi ba. Gatarin ado na Fir'auna Ahmose, wanda ya kori Hiksos wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, an same shi a cikin kayan kabarin Sarauniya Ahhotep, an yi masa ado da zinariya.

A Turai kuma abin ya bi garkuwa da sulke, mataki-mataki. Ƙabilar Farank, waɗanda daga sunansu aka samo Faransa, suna da ɗan gajeren gatari na jifa. Marubucin Rumawa Prokopiyus ya bayyana yadda suka shiga Italiya a shekara ta 539: in an ba da alama sai su jefa gatura gaba ɗaya, garkuwoyi su farfashe, kafin mutum ya farfaɗo sun iso kansa. Bayansu sai 'yan Bikin na Denmak da Norwe da dogon gatarinsu na hannu biyu. A nan fina-finai sun cuce mu. Za ka ga an nuno ƙato yana jan wani gatari mai baki biyu kamar ƙofar shago. Ƙarya ce. Gatarin yaƙi ya fi na faskare sauƙi nesa ba kusa ba. Ruwansa siriri ne kamar na adda, nauyinsa kilo ɗaya zuwa biyu, don ice ba ya ramawa amma mutum yana ramawa, in ka kai sara ka kuskure dole ka dawo da hannunka kafin a soke ka. Bahaushe da ya ce a riƙa sara ana duban bakin gatari, da ya ga fagen fama sai ya ƙara da cewa a riƙa duban haƙarƙari ma, don mai ɗaga gatari da hannu biyu ba shi da hannun riƙe garkuwa.

Da irin wannan dogon gatari dogaran Sarki Harold na Ingila suka tsaya a Hastings ranar 14 ga Oktoba 1066, suna sare doki da mahayinsa, tun safe har yamma, kafin kibau da dawakin Norman su ci su. Da shi ne kuma 'yan arewacin Turai suka yi aikin dogarci a fadar sarkin Rum a Kustantiniya, birnin da yau ake kira Istanbul, har marubutan fadar ke kiransu masu saɓa gatari. Labarin da na fi so dai shi ne na Robert Bruce, sarkin Sikotlan, a Bannockburn a 1314. Yana kan ɗan ƙaramin doki yana duba sahu, sai wani barde na Ingila, Henry de Bohun, ya hango shi ya sako doki da mashi. Bruce ya tsaya har ya iso, ya goce, ya miƙe a kan likkafa ya sauke masa gatari a ka, ya raba kwalkwali da abin da ke ciki. Da manyan yaƙinsa suka yi masa faɗa kan ganganci, an ruwaito cewa abin da ya dame shi kawai shi ne ƙotar gatarinsa da ta karye. Duk manomin da ya taɓa rasa ƙota mai kyau zai fahimci mutumin nan.

Da sulke ya fara komawa farantin ƙarfe, sai aka ƙara wa gatari ƙugiya a baya da tsini a sama, aka ɗora shi kan sanda mai tsawon kusan mita biyu. Manoman Suwizalan, waɗanda ba su da kuɗin doki, da irin wannan suka ci barade a Morgarten a 1315 da Sempach a 1386. Charles, mai mulkin Burgundi, ɗaya daga cikin mafiya dukiya a Turai a zamaninsa, a Nancy aka tsinci gawarsa a 1477 da kai a tsage.

Ƙasashen Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Farisawa suna kiran gatari tabar, ƙaramin da barde ke rataye wa a sirdi kuma tabarzin, wato gatarin sirdi. Sarakunan Mamluk na Masar suna da rukunin dogarai masu suna tabardariyya, masu tafiya kewaye da sarki da gatura masu bakin jinjirin wata, an rubuta sunan sarki a jiki. A fadar Usmaniyya kuma akwai baltaji, ma'anarsa mai gatari, waɗanda asalin aikinsu share wa runduna hanya da kai itace cikin fada. Ɗaya daga cikinsu, Baltaji Mehmed Pasha, ya hau har ya zama babban waziri, kuma shi ne ya yi wa Sarkin Rasha Peter ƙawanya a bakin kogin Prut a 1711.

Kun lura da abin da ke faruwa? Makamin talaka ne, amma sarakuna sun ƙwace shi sun mai da shi sandar mulki. A ƙasar Sin an buɗe kabarin Fu Hao a 1976, matar Sarki Wu Ding wadda ta jagoranci runduna kimanin shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami gaturan tagulla a ciki, babban ya kai kusan kilo tara. Ba mai yaƙi da kilo tara. Na nuna iko ne, kuma masana da yawa na ganin harafin da Sinawa ke rubuta "sarki" da shi asalinsa zanen gatari ne. A Dahome, maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin, manzon sarki yana tafiya da sanda mai siffar gatari, wanda ya gan ta kamar ya ga sarki ne. Maƙeran Songye na Kwango sun yi gatura masu saƙar ƙarfe da fuskokin mutane a jiki. Sarauniya Njinga ta Angola, wadda ta yi shekaru tana fafatawa da Turawan Fotugal har ta rasu a 1663, da gatarin yaƙi aka san ta. Na Indiyawan Amurka kuwa da ake gani a fim, yawancin na ƙarfen 'yan kasuwar Turai ne suka kai musu suna musaya da fatu. Wannan ya isa haka.

To mu dawo gida. Gaskiya ita ce a ƙasar Hausa gatari bai taɓa zama sarkin makamai ba, kuma duk mai ce muku haka yana son ya burge ku ne. Filin namu a buɗe yake, ga doki, ga kibiya mai dafin kwankwani wadda ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki. A Tabkin Kwatto a 1804 maharba ne suka karya dawakin Gobir. Wurin gatari yana zuwa ne a wurare biyu. Na farko, idan aka cakuɗe da 'yan lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi yana shanye kibiya, sulke yana tare kaifin takobi, amma ba ɗayansu da ke hana ƙashi karyewa idan nauyi ya sauka a kansa, kuma ƙafar doki a fili take. Na biyu, idan aka zo cin gari. Wanda ba shi da ƙarfin gina ganuwa yana kafa kafi ne na gumagumai, ya bar sarƙaƙiya ta kewaye shi. Har yau sunayen suna nan: Kafin Hausa, Kafin Madaki, da Keffi. Doki ba ya tsallake kafi, takobi ba ya sare shi. Sai an turo masu gatari gaba, ana yi musu ruwan kibau suna sara, kuma ba su ne maroƙa ke wasawa ba in an ci garin. Ko a Turai bayan bindiga ta kori gatari daga sahu, wannan aikin ya rage masa: a Waterloo a 1815 wani hafsan Faransa mai suna Legros da gatari ya fasa ƙofar gidan gonar Hougoumont.

Yauri kuwa tana da nata labarin daban, don ita ƙasar ruwa ce. Kogin Kwara, wanda 'yan boko ke kira Neja, a nan yake buɗewa ya rarrabu, ya bar tsibirai a tsakiya. Gungu shi ne tsibiri, Gungawa su ne mutanensa, su kuma suna kiran kansu Reshe. Ga Shangawa a arewa, waɗanda harshensu dangin na Kyangawa da Busawa ne. Ga Kambari a ƙasar Ngaski, ga Lopawa, ga Sarkawa masunta. Fataken goro masu zuwa Gwanja suna ratsa wannan yanki, kuma duk ayarin da ya iso bakin ruwa, komai yawan jakunansa da 'yan rakiyarsa, sai ya jira mai jirgi.

Jirgin nan fa daga ina? Daga gungumen ice ɗaya, maɗaci ko wani babban ice irinsa. Gatari ne ke kayar da shi, kuma sara ɗaya ba ya ka da itace, balle irin wannan. Sannan gizago ya shiga ya rarake cikinsa, kwana da kwanaki, masassaƙi yana ƙwanƙwasa gefe yana sauraron kauri da kunne, don in ya zarce ya huda, aikin wata guda ya tafi. Wannan shi ne bashin da na ambata da farko. A ganina, gatarin da ya fi kowane tasiri a yaƙe-yaƙen ƙasar Yauri bai taɓa jinin mutum ba. Shi ne wanda ya sassaƙa jirgi.

Ku duba ƙarni na 19. Sarkin Yauri Muhammadu Albishir ɗan Ayi ya yi amana da masu jihadi, Yauri ta zauna ƙarƙashin Gwandu da sarautarta a hannunta. Da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya wuce ta Yauri ya halaka a gurguzun ruwan Busa a 1806, sun tarar da Birnin Yauri babban gari mai ganuwa. Amma da rikicin gidan sarauta ya ɓarke wajen tsakiyar ƙarnin, ganuwar ba ta yi amfani ba, sai fada ta koma tsibirin Ikum, cikin ruwa. Sai a 1888 aka dawo tudu aka zauna Yelwa. A tsakanin nan kuma ga Kwantagora ta taso a gabas. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, ya kafa ta, daga baya ɗansa Ibrahim ya hau sarautarta, kuma hare-haren neman bayi da suka yi sun ɗaiɗaita ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin. Wanda ke tudu, dawaki na iya riskarsa da asuba. Wanda ya kai ga jirgi ya tsallaka gungu ya tsira, don barde da lifidinsa da sulkensa in ya iso gaɓa ya zama ɗan kallo. Bikin Rigata da ake yi a Yauri, wanda yanzu muke kallo a matsayin tseren jirage da kiɗa, tushensa ke nan: gwanintar tuƙi da faɗa a kan ruwa, da mutum ko da dorina.

Yawancin tsibiran nan yau suna ƙarƙashin ruwa. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, aka tashi mutane kusan 44,000 daga garuruwansu, tsohuwar Busa ta nutse. Kafin ruwan ya hau, masu binciken kayan tarihi sun yi gaggawar tona wasu tuddai a kwarin, ciki har da wani kusa da Yelwa, inda aka sami tukwane da mutum-mutumin yumɓu da kayan ƙarfe na ƙarnonin farko na miladiyya. Wato ana ƙira a bakin kogin nan fiye da shekara 1,000 kafin Nagwamatse. Abin da ba a kai ga tonawa ba yana can ƙasan tafki. Haka ma itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya zo, kututturansu na nan a tsaye a ƙarƙashi, kuma duk direban jirgin da ke bin hanyar Wara ya san abin da suke yi wa cikin jirgi idan ruwa ya ja baya. Jiragen ma yanzu na katako da ƙusa ne, don manyan itatuwan da ake rarakewa sun yi wuya, masu iya rarakewar kuma suna ta tsufa.

Ba zan rufe ba sai na faɗi abin da ya sa wannan batu ya yi mini nauyi. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. A Maris 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, nan maƙwabtanmu a ƙasar Zuru, aka kashe fiye da 60. A ƙauyukan Ngaski da Shanga, idan aka ji ƙarar babura da dare, abin da magidanci ke lalubowa a bayan ƙofa shi ne bindigar toka in yana da ita, in babu sai adda da gatari. Maƙera sun koma ƙera barandami da ƙarfen sifirin na mota. Ni ba na raina zuciyar mutumin da ya tsaya a ƙofar gidansa da abin da yake da shi. Amma gatari yana kaiwa tsawon hannu da ƙota ne kawai, mita ɗaya da 'yan kai, AK-47 kuwa tana kashewa daga mita 300. Manoman Suwizalan sun ci barade ne don dole barde ya matso kusa kafin ya yi kisa. Wannan ba ya matsowa. Duk jami'in da ya tara samarin ƙauye ya yaba musu jarunta ya sallame su da gatari a kafaɗa, ya koma gida cikin rakiyar sojoji, ya san lissafin nan sarai. Kuma har yanzu, idan hari ya yi tsanani a gabar ruwa, mata da yara jirgi suke nema.

Roƙo ɗaya gare ni. Masu tsohon barandami ko gizago na kaka a cikin rumbu, don Allah kada a sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin kilo. A ɗauki hotonsa ta gefe da ta baya, yadda za a ga inda ƙarfe ya shiga ƙota, a tambayi tsohon gidan wane ne ya ƙera shi, a wane gari, kuma me ake kiransa da Gunganci ko Kambarci ko Shanganci, a rubuta a ajiye.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauki garkuwa, daga ta fatar warwaji har zuwa ta fatar giwa. A gaida mutanen Yelwa, da na Wara, da na Dugu Tsoho. Wassalamu alaikum.